Na gaji da yaƙi da ƙiba: in rungumi jikina yadda yake, ko yaudarar kai ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Likita. Shekarata 36, 'ya'yana uku. A cikin shekara takwas sau huɗu ina shiga tsarin rage ƙiba mai tsanani. Kowane karo sai in zubar da kilo takwas ko goma, amma kafin shekara ta zagayo sun dawo har da ƙari. Yanzu kilo 91 nake, kuma wallahi na gaji. Ina ganin mata a intanet suna cewa mace ta so jikinta yadda yake, ta yar da sikeli ta huta. Raina yana son maganar, sai dai ina tsoron kada ya zama yaudarar kai, ga shi mahaifiyata tana fama da ciwon suga. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara wa Mama sauƙi.

Abin da za ki ajiye shi ne horar da kanki da yunwa. Kula da lafiyarki kuwa yanzu ma za ki fara ta da kyau. Mutane suna haɗa abubuwan nan biyu a ƙwarya ɗaya, shi ya sa da mace ta ce ta daina tsarin rage ƙiba sai a ɗauka ta sallama. Bari mu bi maganar daki-daki, don na ga alamar kina ɗora wa kanki laifin da ba naki ba.

Na daɗe ina wannan aiki, kuma kusan duk wadda ta zo mini da labari irin naki, kanta a sunkuye take shigowa, kamar wadda aka kama da kayan sata. Kalmar farko ita ce "na kasa". Amma abin da ya same ki sau huɗu shi ne abin da yake samun yawancin mutane. A 2007 Traci Mann da abokan aikinta a wata jami'a ta Kalifoniya sun tattara binciken da ya bi sawun masu rage ƙiba na tsawon shekaru. Sun tarar da cewa a watannin farko kusan kowa yana ramewa, amma daga baya tsakanin kashi ɗaya zuwa kashi biyu cikin uku suna mayar da fiye da abin da suka zubar. In magani ya ƙi yi wa mutum ɗaya aiki, ana iya zargin mai shan. In ya ƙi yi wa yawancin masu shan aiki, ai sai a waiwayi maganin.

Dalilin yana cikin halittar jiki, kuma an gan shi ƙarara tun zamanin yaƙin duniya na biyu. A 1944 zuwa 1945, a jami'ar Minesota ta Amurka, Ancel Keys ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya waɗanda suka ƙi shiga yaƙi saboda aƙidarsu, suka yarda a yi gwajin yunwa a kansu domin a san yadda za a farfaɗo da mutanen da yaƙi ya tagayyara. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi, wajen kalori 1,570 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), har tsawon wata shida. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda halinsu ya juya. Maza da ba ruwansu da girki suka koma tara littattafan girki suna karantawa da dare. Suna lashe faranti, suna ƙara wa abinci ruwa don ya yi auki, loma ɗaya sai su daɗe suna juya ta a baki. Ga saurin fushi, ga jin sanyi, ga damuwa, sha'awar komai ta mutu in ban da ta abinci. Da aka sake musu mara kuwa, wasu suka riƙa ci har ciki ya yi musu ciwo, su tashi suna cewa ba su ƙoshi ba. Bayan watanni kitsen jikinsu ya zarce yadda yake kafin a fara.

Ki lura da adadin nan, kalori 1,570. Tsare-tsare da yawa da ake tallatawa a waya suna sa mace ta tsaya a 1,200 ko ƙasa da haka, sannan in ta fara mafarkin abinci a ce mata kwaɗayi ne ya yi mata yawa.

Na san yadda ranar mai irin wannan tsari take tafiya, don an sha ba ni labarinta. Da safe a sha ruwan ɗumi a fita. Da rana a ɗan lasa wani abu, a yi ta duba agogo. Wajen la'asar kai ya fara sarawa, yaro ya yi ƙaramin laifi a yi masa tsawar da ta fi ƙarfin laifin. Da dare kowa ya kwanta, sai ki tsinci kanki tsaye a kicin, fitila a kashe, kina cin ragowar abinci daga tukunya da sauri kamar za a ƙwace. Ko ɗanɗanonsa ba ki ji ba. Ki kwanta kina zagin kanki, da asuba ki ɗaura niyyar yau ba za ki ci komai ba. To wannan niyyar ta asuba ita ce ta haifi cin daren. Wata baiwar Allah ta taɓa nuna mini littafin da take rubuta nauyinta kullum, shekara uku cur. Ta ce sai ta cire 'yan kunne da awarwaro kafin ta hau sikeli, kuma lambar da ta gani ita ke yanke mata ko za ta shiga mutane ranar ko za ta ce ba ta jin daɗi.

Jiki bai san kina son shiga wata riga ba ne. Shi dai ya ga abinci ya yanke, sai ya ɗauka fari aka shiga, ya hau tattali. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a 1994, aikinsa ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Ciki kuma yana fitar da girelin mai tayar da yunwa. In kika rame, na farko ya sauka, na biyu ya hau. Masu bincike a Melbon ta Ostiraliya sun nuna a 2011 cewa shekara guda bayan mutum ya rage nauyi, sinadaran nan ba su koma daidai ba, yunwar tana nan fiye da da. Sannan jiki yana rage man da yake ƙonawa. An bibiyi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, aka buga sakamakon a 2016: bayan shekara shida sun mayar da yawancin abin da suka zubar, kuma jikinsu yana ƙona wajen kalori 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata ga mai girmansu. Ki ƙara da gado: binciken tagwaye, har da waɗanda aka rena a gidaje daban-daban, ya nuna cewa wajen kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyi tsakanin mutane daga jini yake. Shi ya sa kike ganin wata tana ci kamar gara tana nan kamar sillen kara, ke kuma kina lissafin loma.

Shi kansa sikelin ba duk gaskiya yake faɗa ba. Kilo biyu ko uku da suke zubewa a makon farko, waɗanda suke sa mace murna, yawancinsu ruwa ne, don jiki yana ajiye sukarinsa a hanta da tsoka tare da ruwa, in ajiyar ta ƙare ruwan ya bi ta. Ramar yunwa kuma ba kitse kaɗai take ci ba, tana haɗawa da tsoka, wadda ita ce babbar mai zuƙe sukari daga jini. Ma'aunin BMI da ake yanke wa mutane hukunci da shi, wato nauyi a raba da tsawo sau tsawo, wani ɗan Beljiyam ne mai suna Adolphe Quetelet ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830. Masanin lissafi da taurari ne, ba likita ba, kuma siffar jama'a a dunƙule yake nazari. Keys ɗin nan dai shi ya raɗa masa sunan BMI a 1972. Yana da amfani in ana duban al'umma, amma bai san tsoka daga kitse ba, bai san inda kitsen ya taru ba. A 1998 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sauko da iyakar "nauyi ya yi yawa" daga wajen 27 zuwa 25, miliyoyin mutane suka kwana lafiya lau suka wayi gari a sahun masu ƙiba, ba tare da sun ƙara ko giram ɗaya ba.

Shayin rage teɓa kuwa, in kina sha ki daina yau. Yawanci maganin sa gudawa ne da na sa fitsari, ruwa suke matse miki. An sha kama wasu da sinadarin sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Yanzu ga maganar matan intanet. Tafiyar tasu tana da asali mai kyau. A 1969 wani injiniya a Amurka, Bill Fabrey, ya kafa ƙungiyar kare masu ƙiba saboda takaicin yadda ake wulaƙanta matarsa. Abin da suke nema a lokacin shi ne kada a hana mutum aiki, ko kujera, ko kulawar likita, saboda girman jikinsa. A wannan ina tare da su ɗari bisa ɗari, kuma bincike yana bayansu. Mutane suna zaton gori da habaici suna zaburar da mai ƙiba. Wani bincike da aka buga a 2013 ya bi mutum sama da dubu shida a Amurka har shekara huɗu: waɗanda aka tsangwama saboda nauyinsu sun fi sauran yiwuwar afkawa cikin ƙiba mai yawa da wajen ninki biyu da rabi. Ba abin mamaki ba ne. Wadda take jin kunyar jikinta ba za ta fita tattaki a ga tana haki ba. Tana gudun asibiti don ta san ko ciwon kunne ta kai, za a ce mata ta rage ƙiba. Baƙin cikin kuma ta huce shi a kan abinci.

Suna da gaskiya kuma da suka ce siffar da ake kira kyau koyonta ake yi. A tsibirin Fiji, da can cikar jiki ita ce abin yabo. Talabijin ya isa wani yanki na ƙasar a 1995, da shirye-shiryen Turawa cike da sirara. Anne Becker ta jami'ar Harvard ta tambayi 'yan matan makaranta a shekarar, ba ta samu ko ɗaya da take jawo amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998, wajen kashi 11 cikin ɗari suna yi. Shekara uku kacal. Cutar kuma tana juyawa: inda ake yayin cika, za ki ga siririya tana haɗiyar ƙwayoyin sa ƙiba masu lalata ƙashi da tayar da suga. Duk kanwar ja ce, kowacce an sa ta raina jikin da take ciki.

Inda nake rabuwa da wasunsu wuri biyu ne. Akwai masu cewa nauyi ba shi da wata alaƙa da lafiya. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ba zan faɗa miki shi don in faranta miki ba. Kitse mai yawa, musamman wanda ya taru a ciki ya kewaye hanta da hanji, yana da hannu a ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci. Na biyu, sun mayar da abin ya zama wata sabuwar jarrabawa: kullum sai kin tsaya gaban madubi kin ji ke kyakkyawa ce. Wa zai iya? Ranar da ba ki ji haka ba sai ki ga nan ma kin faɗi. Ni abin da nake nema a wurin masu zuwa wajena ya fi wannan sauƙi. Ba sai kin yaba kowace gaɓa ba, ki dai daina cin mutuncinta. Jikin nan ya ɗauki ciki uku ya sauke, shi yake kai ki duk inda za ki. Ki riƙe shi kamar amanar da aka ba ki: in ya ji yunwa a ba shi, in ya gaji ya huta, in ya yi ƙorafi a kai shi a duba. Ki ɗinka kayan da suka yi miki daidai yanzu, ki daina ajiye wancan na shekara takwas a akwati yana harararki.

An gwada wannan hanya. A Kalifoniya an raba mata 78 masu ƙiba, waɗanda suka daɗe suna hawa da sauka kamar ke, gida biyu. Rukuni ɗaya aka ɗora su a tsarin rage ƙiba da aka saba. Ɗayan aka koya musu sauraron yunwa da ƙoshi, motsa jiki don jin daɗi, da daina tsanar kai. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa bayan shekara biyu 'yan rukunin farko sun mayar da nauyinsu, da yawa ma sun gudu tun ana tsakiya. Na biyun nauyinsu bai sauka ba, amma awon jininsu da na kitsen jini sun gyaru, damuwa ta ragu, kuma gyaran ya zauna. Ƙaramin bincike ne, ba zan kambama shi ba, amma ya yi daidai da abin da idona yake gani.

Sai batun ciwon Mama, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Gadon ciwon suga gaskiya ne, amma ba hukuncin da ba ya ɗaguwa ba ne. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, an ɗauki mutum sama da dubu uku da sugansu ya fara hawa. Waɗanda aka taimaka wa suka gyara cin abinci, suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba maganin suga mai suna metformin nasu ya ragu da kashi 31. Kashi bakwai na kilo 91 bai fi kilo shida da ɗoriya ba. Babu wanda ya ce sai kin koma yadda kike kina budurwa. Zan yi adalci in ce raguwar nauyin ta taka babbar rawa a wannan sakamako, kowane kilo ya yi amfani. Amma ko waɗanda ba su kai ga burin nauyin ba, in dai sun cika na motsa jiki, haɗarinsu ya ragu da kashi 44. Nauyi ba abu ne da za ki tashi da safe ki aikata ba. Tattaki kuwa za ki iya, barci za ki iya, abin da kika zuba a faranti a hannunki yake. In kin riƙe waɗannan, watakila kilo biyar ko shida su sauka a hankali su zauna, watakila kuma sikeli ya ƙi motsi amma suga da jini su yi kyau. Duka biyun riba ce.

Ki fara da cin abinci a kan lokaci, sau uku, kina zaune, ba waya a hannu. Wannan kaɗai yana kashe cin dare a wurin mata da yawa. Maimakon lissafin abin da za ki cire, ki yi tunanin abin da za ki ƙara: ganye da kayan lambu su ci wajen rabin faranti, a samu abin gina jiki a kowane ci, hatsi kuma wanda ba a cire masa dusa duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya wuce giram 5. Abu biyu ne kawai zan ce ki sa wa ido sosai. Ɗaya lemon kwalba da duk wani abin sha mai zaƙi, don sukari a ruwa ba ya ƙosarwa. Ɗayan kayan leda da na gwangwani da masana'anta ta sarrafa ƙwarai: a wani gwaji na 2019, mutum 20 da aka bari su ci iya son ransu sun ci ƙarin wajen kalori 500 a rana a makonnin da aka ba su irin wannan abinci, ba tare da sun lura ba. Amma kada ki haramta wa kanki komai. Abin da aka ce ba za a taɓa ba shi rai yake bi. In kin yi sha'awar abin zaƙi, ki zuba a faranti, ki zauna cikin mutane ki ci, ki tashi ba tare da neman gafarar kowa ba.

Ki riƙa tsayawa a tsakiyar ci ki tambayi cikinki. Bayan shekara takwas kina toshe masa baki, zai ɗauki makonni kafin ki sake gane muryarsa, amma jiki magayi ne.

Motsa jiki kuma kada ya zama biyan tarar abin da kika ci. Minti talatin, kwana biyar a mako, tafiyar da za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. In talatin ya yi yawa, ki raba shi goma-goma, musamman bayan cin abinci, lokacin da tsoka take kwashe sukari daga jini. Sau biyu a mako ki yi abin da zai ƙarfafa tsoka, ko da tashi da zama daga kujera ne da tura bango. Barci ma magani ne: a Chicago an hana samari barci sai awa huɗu na dare biyu kacal, leftin ya sauka da kashi 18, girelin ya hau da kashi 28. Na san mai 'ya'ya uku za ta yi dariya in an ce ta yi barcin awa bakwai, amma ko wayar dare kika rage kin samu wani abu.

Akwai inda shawarar nan ba ta wadatar ba. In kina jawo amai bayan ci, ko kina shan maganin gudawa don ki rame, ko kina yin cin da kike jin ba ki iya tsayawa sau ɗaya a mako ko fiye, wannan ciwo ne mai suna kuma mai magani, ki ga likita ba tare da kunya ba. In al'adarki tana rikicewa, ko gashi yana fito miki a haɓa, ko kullum kina cikin kasala da jin sanyi, a duba ƙwayayen mahaifa da ƙululun maƙoshi (thyroid). Wasu magunguna ma suna sa ƙiba, ki nuna wa likita duk abin da kike sha. Alluran rage ƙiba na zamani irin su semaglutide suna aiki da gaske, wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyi a babban gwajinsu, kuma wadda likita ya ga tana buƙata ba ta yi abin kunya ba. Sai dai waɗanda suka daina sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku a shekara guda, don haka ba abin saye a ɓoye ba ne a yi wata biyu.

In kina da 'ya mace, ki kiyaye abin da kike faɗa game da jikinki a gabanta. Tana ji, tana kuma auna kanta da shi.

Sikelin kuwa, in lambarsa tana ɓata miki yini, ki kai shi can ƙasan gado, a riƙa auna ki a asibiti. Ki samu zare ki auna tsawonki, ki ninka shi biyu, ki zagaya shi a cikinki, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu. In bakin zaren ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, alama ce kitsen ciki yana buƙatar kulawa, kuma shi ne yakan fara amsa motsa jiki tun sikeli bai nuna komai ba. A cikin watan nan ki je a auna miki jini, kitsen jini, da suga kafin ki karya. In sugan ya faɗo tsakanin 100 da 125 a ma'aunin mg/dL, ya fara hawa, daga 126 kuma sai an sake awon don a tabbatar. In kin taɓa yin ciwon suga lokacin juna biyu a ɗaya daga cikin haihuwarki uku, ko kin haifi jaririn da ya wuce kilo huɗu, ki faɗa wa likitan tun kafin ya tambaya, don hakan zai sa a riƙa duba ki akai-akai. Ki turo mini sakamakon in kin karɓa, mu ga inda za mu fara.